Kan batir ɗina ya ƙi daina tsatsa duk da na shafa giris

Salam 'yan uwa, a taimaka. Kan batir ɗin motata na ɓangaren fositif kullum sai ya tara wani farin gari mai kore-kore, negatif ɗin kuwa tas yake. Na kwance, na wanke da ruwan zafi da bekin soda, na goge da samfefa, na ɗaure tam sannan na lafta giris a sama kamar yadda mai wayarin ya ce. Ba a jima ba garin ya dawo ta ƙarƙashin giris ɗin, da safe in na murza makulli sai ƙas-ƙas kawai, sai an tura. An auna cajin altaneta, wato injin da ke cajin batir, volt 14.2 yake bayarwa, wai lafiya lau. To asid ne ke tsatsowa ta gindin kan, in haƙura in canza batir ɗin kawai?