Neman shawara a lokacin annobar korona: zaman jinya ta waya ga babba mai lalurar rashin tattara hankali

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ma'aikaci ne mai shekara 36, mazaunin Mabera. Bara likitan ƙwaƙwalwa ya tabbatar mini ina da lalurar rashin tattara hankali, wadda ake kira ADHD, ya kuma haɗa ni da masanin halayyar ɗan Adam. Tun da korona ta ɓulla a Sakkwato a watan Afrilun 2020, masanin ya ce mu koma ganawa ta bidiyon WhatsApp. Damuwata ita ce, wayar nan ita ta fi komai ɗauke mini hankali, ga shi gidanmu babban gida ne, ba na son kowa ya ji sirrina. In amince, ko in jira annobar ta lafa?

Wani ma'aikacin jinya: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka jira. Zaman gida ya rushe tsarin da fita aiki yake ba yininka, alhali mai wannan lalura da irin wannan tsari yake dogara, don haka yanzu ka fi bukatar zama da masanin. Abin da ake koyarwa a cikinsa dabaru ne: rubuta ayyuka a littafi guda, rarraba babban aiki zuwa ƙanana, da fara mafi muhimmanci kafin hankali ya watse. Akan yi zama wajen 12, mako-mako, kuma ana iya koyar da waɗannan dabarun ta waya. Akwai ma riba, domin masanin zai ga inda kake aiki da idonsa, ku gyara shi tare.

Wata malama daga Arkilla: Ƙanena ma haka yake yi, ɗan'uwa. Lokacinsa bayan sallar La'asar ne, don kiran salla ya riƙa tuna masa. Yana cajin waya tun da wuri, ya kashe sanarwar saƙonni, ya jingine ta nesa da hannunsa, ya sa abin sauraro a kunne. Idan gida ya cika sai ya shiga mota ya rufe. Ku yi yarjejeniya tun farko cewa idan intanet ta yanke, za a ci gaba da kira na baka.

Wani mai harhaɗa magunguna: Ina ƙara jan hankali kan magani. Idan an rubuta maka methylphenidate, wani maganin ADHD, ka sani yana cikin magungunan da doka ta tsaurara fitar da su, kuma yana iya ɗaga hawan jini da bugun zuciya, saboda haka likita kaɗai ke ƙara shi ko rage shi, bayan awo. Idan ka ji baƙin ciki ya yi tsanani, ko tunanin cutar da kanka ya zo maka, kada ka tsaya ga waya. Ka sa takunkumi ka tafi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a ranar.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Na kira masanin, mun tsayar da ranar Talata bayan La'asar.