Wane suna za mu ba sikof na bindigar farauta?

Malamin Hausa, Ringim: Salamu alaikum. Maharba da masu gyaran bindiga, a taimaka. Wannan bututun mai gilashi da ake ɗaurawa a gadon bayan bindiga, wanda samari ke kira sikof, ina son mu tsayar masa da suna. An kawo guda uku: madubin hangen nesa, tabarau, da idon bindiga. Wanne ya fi dacewa, ko akwai wanda ya fi su?

Tsohon soja, Birnin Kudu: Wa alaikumus salam, Allah gafarta Malam. A cire madubin hangen nesa tun yanzu. Sunan ya riga ya zauna a kan mai ido biyu da ake ratayawa a wuya, sannan yana ɓatar da mai saye. Wanda ya ɗauka aikin abin shi ne hango nesa, sai ya shiga neman wanda ya fi kowanne jawo abu kusa, alhali ba nan maganar take ba.

In an ga 3-9x40 a jikinsa, ana nufin yana ninka girman abu daga sau 3 zuwa sau 9, faɗin gilashin gaba kuma milimita 40. A kan sau 3, mutum zai ga fili mai faɗin kimanin mita 11 zuwa 13 a nisan mita 100. A sau 9 filin ya koma wajen mita 4. A sau 24 bai wuce mita ɗaya da rabi ba: gada ta yi taku biyu, ta ɓace maka. Kuma duk abin da ya ninka dabba ya ninka rawar hannu da bugun zuciya, ya ninka kawalwainiyar rana ta bazara har hoton ya riƙa malala. Farautar da ba ta wuce mita 300 ba, 3-9 ko 4-12 ya ishe ta. Aikin abin shi ne ya nuna inda harsashi zai sauka. Ni madubin saiti na zaɓa.

Tsohon maharbi, Gwaram: Yallaɓai, bayaninka ya yi, amma saiti ai baƙuwa ce. Mu bara muka gada: a yi bara, sannan a saki. Ko a ce auna.

Malamin Hausa, Ringim: Baba, Allah ya ƙara girma, gaskiyarka. Sai dai a rubuce, madubin bara zai zama ko na almajirai ko na shekarar da ta wuce. Auna kuma za ta ba mu ma'auni, wanda masu awo suka riga suka mallaka. Saiti ta daɗe da zama 'yar gida. Makanike yana saita inji, tela yana saita keke, har mutum ma in ya rikice cewa ake yi ya fita daga saiti. Tabarau a fuska ake sa shi, ya faɗi. Idon bindiga yana da daɗin faɗa, amma na ga kamar za mu buƙaci "ido" wajen sassan.

Tsohon maharbi, Gwaram: To, na bar muku. Amma a gaya wa yara kada wani ya ɗaura shi a kan adaka ko harba-ruga. Cikin bututunsu sumul yake, babu tsagin da ke murza harsashi, dalma tana fita ne yadda ta ga dama. Madubi ba ya gyara wannan. Ita ma mai tsagin sai da lasin 'yan sanda, kuma dajin Falgore da na Baturiya wuraren kiyaye namun daji ne, ba na farauta ba.

Mai gyaran bindiga, Sumaila: Madubin saiti ya zauna. Ga sassan yadda zan kira su. Gilashin gaba, babban ido. Na wajen fuska, idon baya. Tsakiya, bututu. Abin da ke riƙe shi, zobba. Kaurin bututu iri uku aka fi samu: milimita 25.4 (wato inci ɗaya), 30, da 34, kuma kowanne da zobbansa. In aka danna bututu mai 30 cikin zobe mai 25.4 sai ya lotsa, kayan ciki su maƙale. In aka sa siriri a zobe mai faɗi aka cika da roba ko gwangwani, harbi biyu zai zame.

Wurin da aka fi ɓarna shi ne ɗaurin sukurorin zobba. Yawancin masu ƙerawa suna cewa wajen inci-fam (ma'aunin ƙarfin murɗa sukuro) 15 zuwa 18, ƙarfin yatsu ne, ba na dantse ba. A ɗaure su bi da bi a gicciye, na hagu na sama sai na dama na ƙasa, kaɗan-kaɗan, har giɓin gefe biyu ya zo ɗaya.

Sai tazarar ido, wato nisan da ke tsakanin ido da idon baya lokacin da hoto ya cika ba baƙin da'ira. Bindiga mai harbin baya da ƙarfi tana son santimita 9 zuwa 10. Ƙasa da haka, bakin madubin ya tsaga gira. A auna tazarar da ninki mafi girma, domin a nan ta fi gajarta, kuma kumatu na kan gindin bindiga yadda za a yi harbin, kafin a ɗaure zobba.

Mai gyaran tabarau, Kazaure: Ƙari a kan babban ido. A riƙe madubin nesa da fuska a kalli haske, za a ga ɗan farin da'ira a idon baya. Mu ce masa ɗigon haske. Faɗinsa shi ne faɗin babban ido raba da ninki: 40 raba 9 ya ba da milimita 4.4, amma 50 raba 24 wajen 2 ne kawai. Ƙwayar idon saurayi tana buɗewa har wajen milimita 7 a duhu, ta dattijo wajen 5. Shi ya sa da asuba ko dab da magariba, lokacin da nama ke fitowa, mai babban ninki ke yin dishi-dishi. Maganin a rage ninki.

A duba kuma ko an cika cikinsa da iskar naitirojin ko agon an toshe, in ba haka ba da damina sai ya yi gumi daga ciki, ba kuma a iya goge shi. Da hunturu ƙura ce matsalar. Kada a goge gilashi da bakin riga, ƙurar nan yashi ce, tana kankare shafen da ke hana ƙyalli. A fara hurewa, a bi da buroshi mai laushi, sannan ƙyallen tabarau.

Ɗalibi, Rano: Iyayena, layukan ciki da suka gitta juna fa? Da abin murɗawa na sama da na gefe?

Tsohon soja, Birnin Kudu: Ɗana, layukan a ce zaren saiti. Ba ƙirƙira ba ce, da can zaren gizo-gizo ake sawa a irin waɗannan na'urori. Abin murɗawa kuwa kunnuwa: kunnen sama yana ɗaga saiti ko sauke shi, kunnen gefe yana kai shi dama ko hagu. Kowace murɗa tana yin ƙas, to mu ƙirga da ƙas. Ma'aunin ƙas iri biyu ne, mil da MOA, duka na auna kusurwa. Mai 0.1 mil, ƙas ɗaya santimita 1 ne a mita 100. Mai 1/4 MOA, ƙas ɗaya wajen milimita 7. Mai lissafi da mita ya ɗauki na mil, kuma ya tabbata zaren da kunnuwan ma'auninsu ɗaya, don akwai masu zare na mil da kunne na MOA, lissafi ya dagule.

Ɗaura saiti kuwa: a kafa bindiga kan buhun yashi, da tudu ko bango mai kauri a bayan allon da za a harba. A fara a mita 25 don harsashi ya hau takardar allon, a koma 100. A yi harbi uku, a nemo tsakiyarsu, kada a bi rami ɗaya. In tsakiyar ta sauka santimita 6 ƙasa da 3 hagu, a mai mil ƙas 6 sama, 3 dama. A bar bututun bindiga ya huce, a sake uku. Daga nan, harsashi mai kaurin .308 na inci da nauyin gren 150 (gren ma'aunin nauyin harsashi ne) yana faɗuwa wajen santimita 40 a mita 300, ƙas 13 ke nan. Gwajin madubi na gari: a murɗa 20 sama, a dawo 20 ƙasa, a harba. In bai koma inda yake ba, kunnen ƙarya yake yi, a mayar wa mai shi.

Mai gyaran bindiga, Sumaila: Yallaɓai, a ƙara da zare iri biyu. Mai bin hoto, wanda ke girma in an ƙara ninki, alamominsa na auna faɗuwar harsashi daidai suke a kowane ninki. Tsayayye, wanda girmansa ba ya canzawa, alamominsa ba sa zama daidai sai a ninki ɗaya, galibi mafi girma. Mutum ya sa shi a sau 5 ya ɗauki alamar mita 300, harsashi ya wuce ta saman dabba.

Malamin Hausa, Ringim: Madalla. Na rubuta madubin saiti, jam'i madubban saiti. Saura wanda ake kira faralas.

Mai gyaran tabarau, Kazaure: Malam, shi ne in bindiga na kafe, ka ɗan motsa kai, sai ka ga zare yana yawo a kan abin hari. Hoton da zaren ba su faɗa wuri ɗaya a cikin bututu ba. Ƙananan madubban farauta an tsayar da nasu wajen mita 90 zuwa 100. Wanda ya haura sau 10 ko 12 yana son kunne na uku a hagu, a murɗa har zaren ya daina motsi. Ni rawar zare zan ce.

Tsohon maharbi, Gwaram: Rawar zare za a ɗauka na hannun da ke kakkarwa ne. Zamiya ta fi, tunda zamewa yake yi daga kan abin.

Mai gyaran bindiga, Sumaila: Baba, zamiya kuma ita muke cewa in bututu ya sulale cikin zobba. Sai dai a ce zamiyar zare, a bar wa zobba tasu.