Wa Ya Raba Katsina da Maraɗi?

Mai Albasa, kasuwar Mile 12, Legas: Salamu alaikum jama'a. Daren jiya muna zaune kan buhuna muna jiran motar albasa daga Galmi ta Nijar, wani yaro ya ce mini wai ko Faransa ta kwashe komatsanta daga Afirka kaf, fitina ba za ta ƙare ba. Na ce masa yaro man kaza. Duk wannan tashin hankali, na Nijar ne ko na Mali, Turawa suka shuka shi ranar da suka zauna a Barlin suka yanyanka ƙasarmu kamar naman tsire. Kafin su zo wa ya san wata iyaka? Mai ja ya fito.

Malamin Makaranta, Agege: Wa alaikumus salam, Alhaji. Na fito, amma da ladabi. Taron Barlin an yi shi, daga Nuwamba 1884 zuwa Fabrairu 1885, kuma ba a gayyaci sarkin Afirka ko ɗaya ba. Sai dai ba a can aka ja layin Illela da Ƙonni ba. Dokar wawaso suka tsara, wanda ya kama wuri ya sanar da 'yan'uwansa. Namu layin Ingila da Faransa ne suka fara shata shi a 1890, daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a gaɓar Tafkin Cadi. Suka yi ta gyara shi, 1898, 1904, 1906, don Faransa na kukan an bar ta da rairayi, ba hanya mai rijiyoyi da za ta kai ta Damagaram.

Mai Albasa: To ai ka tare mini faɗa ne, Malam. Ko Barlin ko Landan, Bature ne dai.

Malamin Makaranta: Saurara mini, Alhaji, inda muka rabu shi ne "wa ya san iyaka". Da jihadi ya ci Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe arewa suka yi, zuriyarsu ta kafa Maraɗi. Gobirawa bayan faɗuwar Alkalawa a 1808 daga baya suka zauna Tsibiri. Shekara da shekaru ana kai wa juna hari tsakanin nan da ƙasar Sakkwato. Bature da ya zo, a wurare da dama kan tsohuwar gaba ya ɗora alƙalaminsa.

Ɗan Canji, Bakatsine: Wannan kam gaskiya ne. Kakata har ta rasu in yaro ya dame ta da kuka sai ta ce yi shiru ga Ɗan Baskore nan. Sarkin Maraɗi ne fa, ba dodo ba. Ganuwar garinmu ba don Nasara aka gina ta ba.

Ɗan Ƙonni, Alaba Rago: Ku dakata, 'yan Najeriya. Ku Ingilishi kunka samu, shi ya sa kuke magana da sanyin rai. A 1899 sojan Faransa da Voulet ya jagoranta sunka ƙone Birnin Ƙonni, sunka kashe mutane ba adadi, bayan sun kara da Sarauniya Mangu a Lugu. Har yau tsofaffinmu na faɗi. Sannan daga 1971 anka yi shekara da shekaru ana haƙar yuraniyom a Arlit, a kunna fitilun Faransa, ƙauyenmu ana kunna aci-balbal. Kuɗin da ke aljihuna ma, sefa, su sunka ƙirƙiro shi a 1945. Don haka ni ina bayan Alhaji.

Mai Albasa: Yauwa ɗan'uwa! Faɗa musu.

Ɗan Ƙonni: Amma ba duka ba, Alhaji. Da anka kifar da Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023, wa ya rufe iyaka? Wa ya yanke ma Yamai wuta? Ba daga Faris anka kashe makunnin ba, daga nan ƙasar ne.

Direban Tirela: Allah ya saka maka. Ni wancan Agustan a bakin iyaka ya same ni, albasa cike da mota, ta ɓangaren Ƙonni. Kwana na farko muna shan shayi muna cewa gobe za a buɗe. Da aka yi mako biyu ruwa ya fara ɗiga daga ƙasan bodi, baƙi, ga wari, ƙuda kamar a mahauta. Mai kayan ya zo ya buɗe buhu ɗaya, ya sa hannu har gwiwar hannu, ya zaro, bai ce komai ba ya koma gindin bishiya ya zauna. A ranar ban ga Bature ko ɗaya a wurin ba. Masu kaki na wancan gefe da na wannan gefe duk Hausa muke yi da su.

Hajiya Mai Abinci, Idi-Araba: Ni siyasarku ba ta dame ni ba. Bikin 'yar ƙanwata a Maraɗi kan babur na je ta daji daga Jibiya, da tsufana, atamfa duk ƙaya. Da ma can haka muke zuwa ba wanda ya tambaye mu takarda.

Mai Albasa: Hajiya, in babu layin tun asali, me za a rufe? Ƙofar da Bature ya kafa ce aka sa wa kwaɗo.

Malamin Makaranta: Wannan magana taka ta fi ta farko ƙarfi, Alhaji, na karɓa. Amma a 1964 a Alƙahira shugabannin Afirka da bakinsu suka amince kowa ya riƙe iyakar da ya gada. Kuma ECOWAS ɗin da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga cikinta a Janairu 2025, a nan Legas aka sa hannun kafa ta, Mayu 1975, zamanin Gowon, don a sassauta wannan ƙofa. Shekara sittin da wani abu makullin na hannunmu.

Buzu Mai Gadi, Ikoyi: Ku yi haƙuri, ni ban iya rubutu da yawa ba. Mu Agadas mun yi yaƙi da Faransa a 1916, zamanin jagoranmu Kawsan. 'Yan'uwanmu na Kidal kuma da gwamnatin Mali suka yi nasu a 1963, Faransa ta riga ta tafi. Amma bindigar da ta cika daji yanzu, na gan ta da idona, bayan an kashe Gaddafi a 2011 ta shigo. Kafin nan bindiga ba ta kai yawan haka ba.

Mai Albasa: Wa ya yi wa Libiya ruwan bama-bamai? NATO, ƙungiyar sojan ƙasashen Yamma. Wa ke gaba-gaba? Faransa. Mun dawo inda na fara ke nan.

Ɗan Canji: Alhaji, ka fara da 1884, yanzu ka tsallako 2011 ko gumi ba ka yi ba. Da haka kake ciniki da ka sayi Mile 12 gaba ɗaya.

Ɗan Ƙonni: Ƙyale shi, Bagobiri ne, ko Yarbawan kasuwa sun gaji da gardama tai.

Malamin Makaranta: Tambaya ɗaya, Alhaji. Sojan Faransa na ƙarshe ya bar Nijar a Disamba 2023, Mali tun Agusta 2022. Hare-haren sun tsaya?

Mai Albasa: Wanda ya ƙona rumbu ko ya gudu toka na nan. Zan ba ka amsa cikakkiya, Allah gafarta Malam, amma ga motar Galmi ta shigo, yara na kira na. Direba, in kana kusa leƙo ka duba mini ƙasan bodin nan kafin a sauke.