Albasar Galmi da hanyar Gana: bayan fita daga CEDEAO, ina zan sa jarina?

Ɗan Galmi, Tawa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ɗan kasuwar albasa ne, a Galmi aka haife ni, iyalina suna Tawa. Sana'ar gado ce. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, tun ina yaro yake loda mota zuwa Kumasi, ni kuma na buɗe ido na tarar da hanya a buɗe. Ɗan littafin tafiyar nan na CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, kawai nake sawa a aljihu, in sauka Akra, in yi wata guda ina karɓar kuɗina, ba wanda ya taɓa tambaya ta biza. Wallahi ban taɓa tunanin wata yarjejeniya ce ta ba ni wannan ba. Na ɗauka haka duniya take.

A ƙarshen Yulin 2023 muka loda buhu 300, rabi nawa, rabi na abokan hulɗa biyu. Albasa ce da na ajiye tun watan Afrilu ina jiran kuɗinta ya tashi. Motar ta isa Gaya aka ce an rufe gadar Malanbil, wadda ake ƙetarawa zuwa Benin. Na bi ta can da kaina. Kwana na tara na ga ruwa yana ɗiga ta ƙarƙashin motar, baƙi, ƙuda sun rufe shi. Na hau na kwance buhu ɗaya daga tsakiya, na tura hannu, hannun ya nutse har wuyansa. Abin da muka tsinta muka shanya a bakin hanya, matan Gaya suka saye da kuɗin da bai kai na buhun da zare ba. Sai da na sayar da shanu biyu na biya bashin manoma.

Yanzu Allah ya sa na ɗan farfaɗo, ina da 'yan kuɗi a hannu. Zuciyata ta rabu biyu: ko in shiga rabin mota da wani abokina mu ci gaba da Gana, ko in gina wurin ajiya mai kyau a gida in bar rudun kara. Abin da ya hana ni barci shi ne, tunda ƙasarmu Nijar ta fita daga CEDEAO, shin Gana za ta fara sa wa albasarmu kuɗin duwan, wato harajin shigo da kaya, kamar ta Holan? Wanda ya san takardun nan don Allah ya warware mini.

Tsohon Tiranzite, Yamai:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Shekara ashirin da wani abu na yi ina fitar wa mutane da kaya, bari in raba maka abin gida-gida, don mutane suna cakuɗa su.

CEDEAO an kafa ta a Legas ranar 28 ga Mayun 1975. Littafin da kake sawa a aljihu daga yarjejeniyar 1979 ya fito, wadda ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar kwana 90 ba biza. A wannan shekarar kuma aka fara tsarin cire kuɗin duwan kan amfanin gona da dabbobi da aikin hannu, kayan masana'antu suka biyo baya a 1990. Shi ya sa albasarka take shiga Gana ba haraji, ko takardar shaidar asalin kaya ba a neman ta. Ita kuwa ta Holan tana biya a tashar ruwa, domin tun Janairun 2015 ƙasashen suna da jadawalin haraji guda kan kayan waje, mataki biyar: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Katangar da ta kare ka ke nan ba ka sani ba.

Fitarmu tare da Mali da Burkina ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. A ranar CEDEAO ta sanar cewa a ci gaba da karɓar fasfo da katinmu, a ci gaba da ɗaukar kayanmu kamar da, har sai an sake sanarwa. Ka riƙe wannan kalma ta ƙarshe. Abin da a da haƙƙinka ne, yau alfarma ce ta wucin gadi, kuma mai sa kuɗi a mota yana lissafin shekara biyar ne ko bakwai.

Amma ba mu fita daga UEMOA ba. Ita daban ce, ƙasashe takwas masu sefa, tun 1994. Abijan da Lome da Wagadugu da Bamako duk suna ciki, kuɗi ɗaya, ba canji, ba duwan kan albasa. Gana da Najeriya ne ba sa ciki. Akwai kuma kasuwar Afirka baki ɗaya, ZLECAf, da aka ƙaddamar nan Yamai a Yulin 2019, hedkwatarta ma a Akra take, sai dai ni ban ga buhu ɗaya da ya wuce da takardarta da idona ba tukuna.

Direban Tsarnawa:

Baba Tiranzite ya faɗi ta ofis, ni bari in faɗi ta kwalta. Alhaji, ko lokacin da ake cikin CEDEAO ɗin, takarda ta ce kyauta, amma shinge bai san karatu ba. Daga Tsarnawa zuwa Akra nakan ware kuɗin hanya daban a aljihun hagu, kuma ba ya dawowa gida. Mai albasa ba ya gardama da mai shinge, don kowa ya san kayan ba sa jira. Ka tsaya neman gaskiyarka awa shida cikin rana, ka yi asarar da ta ninka abin da aka nema.

Abin da ya canja shi ne tsawon tafiya. Hanyar Torodi zuwa Fada babu tsaro. Gadar Gaya a rufe, ƙananan kaya a kwale-kwale ake ƙetarewa da su. Wanda ya bi ta Tera da Dori da Kaya sai ya jira ayari da rakiyar sojoji, jiran kuma ba shi da rana tsayayya. Wasu suna shiga ta Kwanni da Illela su ratsa Sakkwato da Kebbi su faɗa Benin, ƙasa huɗu kafin Gana. Tafiyar da nake yi sau uku a wata yanzu da ƙyar in yi ɗaya da rabi. Mota kuwa ko tana tsaye tana cin kuɗi. Ni direba ne, abincina ke nan, amma ba zan ce ka sayi mota bana ba.

Hajiya Mai Hatsi, Yamai:

Ɗana, na tausaya maka, amma ina so in ce wani abu da maza ba su faɗa ba. Kuna ta yabon hanya a buɗe, to wa ya rufe ta? Ranar 30 ga Yulin 2023 CEDEAO ɗin ce ta sa mana takunkumi. Najeriya ta yanke wutar da a lokacin muke samun kusan kashi 70 cikin ɗari daga gare ta. Mijina yana da ciwon suga, maganinsa a firiji yake zama. Cikin tulu nake sa shi, in naɗe da tsumma mai ruwa, ina duba shi da dare da fitilar waya. Buhun shinkafa ya tashi har masu sayen buhu suka koma tiya, masu tiya suka koma rabi. Sai 24 ga Fabrairun 2024 aka ɗage. Wata bakwai. Ni ba zan manta ba.

Ban ce haɗin kai ba shi da amfani ba, a kasuwa nake, na san masarar da nake sayarwa daga ina take zuwa. Amma na koyi cewa ƙasar da ba ta da teku, in ta jingina da ƙofa ɗaya, ranar da aka rufe ta yara ne suke kwana da yunwa. Da gwamnati ta hana fitar da hatsi a Oktoban 2024, in ban da zuwa Mali da Burkina, mu masu saye a birni mun ji sauƙi. Na san manomin wake a ƙauye bai ji daɗi ba, ƙanena yana cikinsu, mun yi musu a kan haka har ranar suna.

Dattijon Kwanni:

Hajiya ta yi gaskiya, kuma ba yau aka fara ba. Ina da ƙuruciyata Najeriya ta rufe iyaka a 1984 har 1986. Ta sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, duk tana cikin CEDEAO, hedkwatar ma tana Abuja. Mu nan tsakanin Kwanni da Illela ba mu daina cin kasuwar juna ba, sai dai kaya su bar kwalta su koma kan babur da jaki, tsadar kuma ta faɗa kan talaka.

Abin da ya fi damuna ni shi ne naira. Tun da aka bar kasuwa ta yanka mata farashi a Yunin 2023 ta faɗi, mai kai rago ko wake can in ya juya kuɗinsa zuwa sefa sai ya ga ba riba. Kai ma ka san haka da sidi, kuɗin Gana. An daɗe ana alkawarin kuɗin bai ɗaya, ECO, ana ɗagawa. Yaro, ka yi ajiya. A watan Afrilu kowa yana da albasa, a watan Oktoba sai mai rumbu.

Ɗan Galmi, Tawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, Allah ya ba Alhaji lafiya, labarin tulun nan ya taɓa ni. Ba na jayayya da ke. Abin da nake roƙo kawai, shugabannin ɓangarorin biyu su zauna su rubuta maganar kaya da tafiya a takarda mai ɗorewa, domin albasar da muke nomawa daga Madawa zuwa Tabalak ta fi ƙarfin cikinmu, ta fi ƙarfin Mali da Burkina ma, su kansu suna noma tasu.

Na yanke shawara. Maganar mota na ajiye ta. Jibi zan sauka Galmi in ga magini, ɗakin ƙasa nake so mai tagogi ta kowane gefe da gadaje hawa uku, wanda zai ɗauki buhu 200. Sauran kuɗin zan gwada Abijan da su, tunda can sefa ce. Direba, in kana da amintaccen mai masauki a can, ka turo mini ta akwatin sirri. Baba Tiranzite, saura tambaya ɗaya: in kaya suka ratsa Najeriya kafin su shiga Benin, suna nan a matsayin kayan UEMOA, ko sai an sake musu takarda?