Za mu kai yara uku ziyara wajen kawunsu a Jamus, ta ina zan fara shiri?

Maman Nabila ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yin doguwar tafiya da ƙananan yara. Yayana yana zaune a Jamus da iyalinsa, kuma ya daɗe yana roƙon mu kai masa yaran ya gan su, domin babbar kaɗai ya sani ido da ido, sauran biyun a waya kawai yake ganinsu. Ni da maigidana mun yanke shawarar zuwa a dogon hutun makaranta mai zuwa, in Allah ya yarda. Babbar tana da shekara 7, mai bi mata yana da 4, autan kuma zai cika shekara 2 muna can. Maigidan zai raka mu, amma aiki ba zai bar shi ya wuce mako biyu ba, saboda haka ni kaɗai zan dawo da su bayan kamar mako shida.

Ban san takardun da ake nema na yara ba, kuma ina fargabar yadda za su jure zaman jirgi, musamman a dawowa da ba ni da mai kama mini. Sannan gidan Yaya ɗaki biyu ne da falo, suna da yara biyu, shi da matarsa duk suna aiki, kuma ba na so mu zame musu nauyi. Don Allah a taimaka mini da abin da aka sani.

Baban Khalifa ya amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki fara da takardu, domin su ne ke cin lokaci. Kowane yaro, har da autan, sai da fasfonsa da bizarsa. Jamus tana cikin yankin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza guda, inda ƙa'ida ta ce fasfo ya kasance yana da sauran aƙalla wata 3 bayan ranar da za a bar yankin, kuma kowane matafiyi ya riƙe inshorar lafiya da za ta biya har yuro 30,000. Ana karɓar takardar neman biza tun saura wata 6 a yi tafiya, kuma ina ba ki shawara ki nemi ranar ganawa da wuri, saboda gab da hutu layi yakan yi tsawo, amsar da aka saba samu cikin kwana 15 kuma tana iya kaiwa kwana 45. Yaran da ba su kai shekara 6 ba ba a biya musu kuɗin biza, waɗanda ba su kai 12 ba kuma ba a ɗaukar zanen yatsunsu.

Akwai abu biyu da nake so ki riƙe sosai. Tunda ke kaɗai za ki dawo da su, maigida ya rubuta takardar amincewa cewa ya yarda ki yi tafiya da 'ya'yansa, a sa mata hatimin lauya mai ikon tabbatar da takardu, ki haɗa ta da takardun haihuwar yaran da kwafin fasfonsa, duk a jakar hannu. Jami'an shige da fice suna da hurumin tambaya idan suka ga yara tare da uwa ko uba shi kaɗai, balle idan sunan da ke fasfonki ya bambanta da nasu. Na biyu shi ne tikitin autan. Yaron da bai kai shekara 2 ba yana iya zama a cinya da ɗan kuɗi kaɗan, amma da zarar ya cika 2 sai an saya masa kujera. Tunda zai cika kuna can, ki faɗa wa kamfanin jirgin ranar haihuwarsa tun wajen sayen tikiti, don kada ki iso filin jirgi ranar dawowa a ce ba shi da wurin zama.

Ummu Fadila ta amsa:

'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki game da jirgi, wahalarsa ta yini ɗaya ce. Kukan da yara ke yi yawanci na kunne ne, kuma ya fi tsanani lokacin sauka, domin matsin iska yana canzawa kunnensu bai daidaita da shi ba. Abin da ke buɗe kunnen shi ne haɗiya, saboda haka idan kika ji jirgi ya fara gangarowa, kamar saura rabin awa ya sauka, ki ba autan nono ko fida, manyan kuma su riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan. Idan wani yana mura mai ƙarfi ko ciwon kunne, ki kai shi wajen likita kafin ranar tafiya, ki kuma nuna masa katin riga-kafinsu, musamman na ƙyanda. Kada ki ba su maganin sa barci da ra'ayin kanki. Akwai yaran da yake birkita su maimakon ya kwantar da su.

A wajen bincike, yawancin filayen jirgi ba sa barin abu mai ruwa ya wuce mililita 100 a jakar hannu, amma madara da abincin jariri suna wucewa idan kika fito da su aka duba. Keken tura yaro ki riƙe shi har bakin ƙofar jirgi, a nan ma'aikata za su karɓa. Ki sa kayan canji na kowane yaro a jakar hannu, har da rigarki guda, domin yaron da ya yi amai a cinyarki yake yi. Idan za ku ya da zango a wata ƙasa, ki zaɓi wanda ke da tazarar awa uku ko fiye, tunda sauri ba ya yiwuwa ga mai goyo da yara biyu a hannu. Mai shekara 4 ɗin ne zai fi ba ki aiki, domin shi ne mai ƙafa kuma bai san haɗari ba. Ki rubuta sunansa da lambar wayarki a 'yar takarda ki sa masa a aljihu, ki kuma koya wa babbar cewa duk inda aka tsaya hannunta yana cikin nasa.

Malam Abu Yasir ya amsa:

Hajiya, ni a nan Jamus nake zaune, kuma nakan karɓi 'yan'uwa, don haka zan yi magana a kan damuwarki ta ƙarshe, wadda a ganina ta fi sauran nauyi. Zumunci a ƙafa yake, kuma babu shakka yayanki da zuciya ɗaya ya gayyace ku. Sai dai mako shida a gida mai ɗaki biyu, da manya huɗu da yara biyar a farkon zaman, abu ne da ya kamata ku tattauna a fili kafin a sayi tikiti, da shi da matarsa, domin ita ce za ta dawo daga aiki ta tarar da gidan.

Ki tambaye shi yaushe 'ya'yansa za su samu hutu. Jamus tana da jihohi 16, kuma hutun bazara na kusan mako shida ba rana ɗaya yake farawa a dukkansu ba. Idan hutunku bai zo daidai da nasu ba, za ki wuni ke kaɗai da yara uku a gidan sama, masu gida suna wurin aiki, 'ya'yansu suna makaranta, ke kuma ba ki san gari ba. Ki tambaye shi kwana nawa zai iya ɗauka na hutun aiki, sai ku tsara fita mai nisa a cikin waɗannan kwanakin. Ki tuna masa da maganar mota: doka a nan ta ce yaron da bai kai shekara 12 ba kuma tsayinsa bai kai santimita 150 ba sai da kujerar yara, ke nan duka ukun naki suna buƙata tun daga ranar da zai ɗauko ku daga filin jirgi. Motar gida ɗaya ba za ta ɗauke ku duka ba, galibin zirga-zirgarku a jirgin ƙasa da bas za ta kasance.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ke gajiyar da baƙi. Daga ƙarfe 10 na dare maƙwabta suna sa ran shiru, kuma guje-gujen yara a ƙasan ɗaki yana sauka kai tsaye kan mutumin da ke zaune a ƙasa. Ranar Lahadi kusan duk shaguna a rufe suke, don haka madara da famfas a tanade su tun Asabar. A watan Yuni da Yuli gari yana da haske har bayan ƙarfe 9 na dare, na sha ganin yaro yana nuna taga yana cewa ai dare bai yi ba, sai an saki labule mai kauri kafin ya yarda ya kwanta. Sannan kada ki damu idan 'ya'yan Yaya suka riƙa noƙewa da farko ko suna magana da Jamusanci a tsakaninsu. Ki fita da su filin wasa na unguwa, nan da nan za su saba.

In da ni ne, zan rage zaman zuwa mako huɗu, in kuma ware kuɗin cefane in miƙa wa matar gidan tun makon farko, ko da ta ƙi karɓa da farko. Idan yayanki ne zai cika takardar ɗaukar nauyinku a ofishin kula da baƙi, ki sani alkawari ne da doka za ta bi shi a kansa, wanda hakan ya ƙara sa inshorar lafiyar nan ta zama dole a yi ta da kyau.

Maman Nabila ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Maganar kujerar autan da ta hutun makarantarsu ban taɓa kawo su a raina ba. Na yi magana da maigida, ya yarda mu rage zuwa mako huɗu, kuma zai duba ko zai iya ɗaukar hutunsa a makonni biyu na ƙarshe, ya same mu can mu dawo tare, tunda a tafiya Yaya yana jiranmu a filin jirgi. Yau da dare zan kira matar Yaya ita kaɗai in ji ta bakinta game da kwanakin da suka fi mata sauƙi, daga nan mu nemi ranar zuwa ofishin jakadanci.