Wace mota ce ta fi dacewa da aikin kanikanci na tafi-da-gidanka?

Bakaniken Kura:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe da iyayen gidanmu a wannan sana'a, tare da neman shawararku a kan wani al'amari da na daɗe ina juyawa a zuciyata. Garejina yana bakin titin Kano zuwa Zariya, kusa da Kura, amma a 'yan shekarun nan yawancin aikin da ke rufa mini asiri ba a cikin garejin nake yin sa ba. Ko dai a kira ni gona saboda tarakta ta tsaya ana tsakiyar haro, ko injin ban-ruwa ya ƙi tashi a Kadawa, ko kuma babbar mota ta lalace tsakanin Kwanar Ɗangora da Tashar Yari. A kan babur nake zuwa, ni da yarona da jakar sufanu, kuma duk ranar da aiki ya buƙaci walda ko babban jak sai na ɗauki shatar a-kori-kura, wadda takan cinye kaso mai tsoka na abin da za a biya ni.

Na yanke shawarar sayen motar aiki, kuma abin da na tara ba zai wuce ta hannu ba. Guda uku nake dubawa: Toyota Hilux mai ƙofa biyu, da Mitsubishi Canter mai buɗaɗɗen baya, da kuma bas Hiace wadda zan cire mata kujeru. Abin da nake so ya zauna a cikinta kullum shi ne injin walda mai janareto, injin iska, manyan jak biyu, batura biyu na tayar da mota, tukunyar iskar walda, duro ɗaya na baƙin mai da akwatunan kayan aiki. Wacce kuke ganin ta fi dacewa da ni, kuma me ya kamata in duba kafin in miƙa kuɗi?

Tsohon Oga na Fanteka:

Wa alaikumus salam. Allah ya yi wa nema albarka, ɗana. Kafin ka sake komawa wurin dillalai, ka ari sikelin masu sayen hatsi ka auna kayan nan da ka lissafa ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta nauyinsu a takarda, domin wannan takardar ce ya kamata ta zaɓa maka mota, ba kyawun fenti ba.

Bari in taya ka lissafin. Hilux mai ƙofa biyu an ƙera ta ne ta ɗauki kimanin tan ɗaya, kuma a cikin tan ɗin nan har da kai da yaranka da duk ƙarfen da mai walda zai ɗora mata. Babban batir irin na tirela yakan kai kilo 55 zuwa 60, ka ga guda biyu sun doshi kilo 120. Duro na baƙin mai lita 208 ne, idan aka haɗa da nauyin duron kansa ya kusa kilo 200. Injin walda mai amfani da man gas, ko ƙaramin cikinsu ne, ya haura kilo 100, haka ma injin iskar da zai iya juya babbar bindigar kwance notin tayar tirela. Tukunyar iskar walda ta kai kilo 60, manyan jak biyu da katakan da za ka kafa su a kai za su ba ka wani kilo 60 ɗin, sufanu da sauran ƙarafa kilo 150 ba abin mamaki ba ne, akwatunan ƙarfen da za a haɗa maka masu makulli za su ci kilo 150 ko fiye, sannan mutum uku a gaba su cike kilo 200. Ka tara da kanka za ka ga ka wuce tan ɗaya tun ba ka ɗauko ko da ganyen sifirin ɗaya na motar da za ka je gyarawa ba.

Abin da matasa ba sa lura da shi shi ne, motar haya tana ɗaukar lodi ta sauke ta dawo wayam, ita kuwa motar aiki ba ta sauke nata har abada, da shi take kwana da shi take tashi. Za a ce maka ka ƙara mata ganyen sifirin, kuma lallai hakan zai ɗaga bayanta ta daina durƙusawa, amma bai ƙara mata birki ba, bai ƙara wa taya ƙarfi ba, bai sauya boris ɗin ƙafar baya ba, kuma waɗannan su ne ke ba da mutum a kan gangara ranar da babbar mota ta taka birki a gabansa.

Saboda haka ni Canter nake ba ka shawara. Tana ɗaukar tan biyu zuwa uku gwargwadon samfurinta, bayanta shimfiɗe yake ta yadda za ka kafa injin walda da injin iska dab da bayan kan mota, ka bar wurin kafa ƙarfen rataya sarƙar ɗaga inji, wanda ba makawa za ka buƙace shi ranar da za ka sauke giya a gefen titi. Wani abin kuma, yawancin Canter masu man gas wutarsu bolt 24 ce, daidai da ta DAF da MAN da Howo, don haka za ka iya tayar da tirela kai tsaye daga motarka, kuma baturanka na ajiya su riƙa samun caji kana tafe. Injinanta irin 4D33 da 4D34 kuwa babu abin da za ka nema ka rasa a nan kasuwar Fanteka ta Kaduna ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano.

Mai Gyaran Tarakta, Haɗeja:

Ina gaida maigida, kuma lissafinsa babu abin cirewa a ciki. Sai dai da izininsa zan ɗan bambanta da shi a kan hukuncin, saboda abin da na fahimta daga bayanin ɗan'uwana shi ne aikin gona ya fi yawa a hannunsa, kuma hanyar gona ba titin Zariya ba ce.

Canter da aka saba gani da ƙafar baya kawai take ja, kuma tayoyinta na baya bibbiyu ne a manne. A kan kwalta wannan alheri ne, amma a cikin watan Agusta, a laka irin ta fadamar shinkafa, taɓo yakan cike tsakanin tayoyin biyu har su koma sumul, motar ta riƙa juya ƙafa a wuri ɗaya tana nutsewa, kuma taraktar da za ta jawo ka ita ce wadda ka zo gyarawa. Gaɓar magudanan ruwa ma ƙunci gare ta, wani wurin ko juyawa Canter ba za ta iya ba. Hilux mai ja da taya huɗu tana kai ka har gindin aikin, kuma a wannan sana'a wanda ya iso da kayansa shi ake sake kira.

Maganin nauyin da maigida ya lissafa shi ne a rage kayan, ba lallai sai an ƙara girman motar ba. Duro ba shi da dalilin yawo a bayanka kullum, jarka biyu masu lita 20 sun ishi juyen man tarakta irin Massey Ferguson 375 har da saura, duron ya zauna a gareji. Ƙananan injinan walda na zamani da ake rataya wa a kafaɗa ba su kai kilo 10 ba, idan ka haɗa da janareto mai ƙarfin da zai ɗauke su ka sami walda da wutar aikin dare da ta injin goge ƙarfe a abu guda. Akwatuna kuma a yi su da ƙarfe mara kauri a kan firam mai ƙarfi, kada a bar mai walda ya yi maka su kamar ƙofar shago. Da haka za ka iya tsayawa ƙasa da tan ɗaya har da mutane, ka bar sarari don kayan gyara.

Sannan a duba kuɗin mai, wanda tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya zama shi ne ke yanke wa kowa hukunci, man gas kuwa dama ya daɗe ba shi da tallafi. Yawancin kiran da muke samu ƙananan ayyuka ne: iska ta shiga layin mai, filta ta toshe, bel ya tsinke, batir ya mutu, tiyon haidurolik ya fashe. Tayar da motar tan uku a je a sauya bel asara ce da ba mai gonar da zai yarda ya biya. Ko ka sayi mota ma, kada ka sayar da babur ɗin nan.

Game da injin Hilux ɗin, idan man gas kake so ka nemi mai 5L, wanda lita uku ne kuma ba shi da turbo. Ba shi da gudu, amma yana haƙuri da man da ake saye a jarka a ƙauye. Su 1KD da 2KD sun fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, sai dai nozul ɗinsu da matsi mai tsananin ƙarfi suke aiki, ɗan ruwa ko ƙasa a cikin mai ya isa ya lalata su, kuma kuɗin saiti ɗaya zai iya cinye ribar kaka guda. Mai fetur ɗin nan 2TR, lita 2.7, yana sha, amma kowane bakanike ya san shi.

Mai Wayar Mota, Sabon Gari:

Tunda manya sun yi magana a kan biyun, ni zan taɓo Hiace da batun takardu. Hiace ta dace da wanda aikinsa ƙananan motoci ne a cikin gari, mai yawo da na'urar duba kwamfutar mota da ƙananan kaya, domin komai yana kulle, ruwa ba ya taɓa shi, ɓarawo ba ya gani. Amma ga kayan da Malam ya lissafa ban ga ta dace ba, har ma tana da haɗari. Tukunyar iskar walda da jarkar fetur da batir mai caji ba sa zama a rufaffen ɗaki ɗaya da mutane, hayaƙin janareto kuma yana kashewa ba tare da an ji warinsa ba, don haka duk aikin da za a yi sai an sauko da shi ƙasa. Idan an nuna maka manyan bas na Turai na baya-bayan nan masu tankin AdBlue, wato ruwan rage gubar hayaƙi, da matatar hayaƙi, ka bar su, man gas ɗinmu yana toshe matatar, motar ta rage wa kanta ƙarfi da kanta.

Kowacce ka zaɓa, ka leƙa ƙarƙashinta da tocila ka bi shasi daga gaba har baya, musamman inda sifirin ke kamawa, ka ga ko an taɓa yi masa walda ko an lulluɓe tsatsa da baƙin fenti. Canter da yawa daga Japan suka fito da sitiyari a dama aka juya shi, tunda Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a 1972, kuma juyin da aka yi da walda a kan sandar sitiyari ba abin da za a ɗora wa tan uku ba ne. Ka gwada lambar shasi da wadda ke jikin takardar kwastan, domin a farkon 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin tudu. Idan Canter ce, ka tabbatar ajin lasisinka ya rufe ta kafin jami'an hanya su tabbatar maka.

Bakaniken Kura:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na duba littafin da nake rubuta ayyuka, kuma gaskiyar Malam na Haɗeja ce, na gona sun rinjayi na titi, ko da yake na titin sun fi kuɗi idan suka zo. Baba, ina da ƙarin tambaya: an ce akwai Canter mai ja da taya huɗu, sannan wani maƙwabcina yana so ya sayar mini da tsohuwar Peugeot 504 a-kori-kura da araha. Ko ɗayansu za ta raba gardamar?

Tsohon Oga na Fanteka:

Canter mai ja da taya huɗu akwai ta, amma ba ta da yawa a ƙasar nan, kuma ranar da wani abu ya karye a ƙafarta ta gaba za ka ajiye ta kana jiran saƙo daga kasuwar Ladipo ta Legas alhali masu kira suna ta kira. Ita kuwa 504 mun ci arzikinta, a nan Kaduna aka riƙa haɗa ta, amma da ƙafar baya take ja, kuma duk wadda za ka samu yanzu ta manyanta, lokacin da ya kamata ka yi a kan motar mutane a kanta zai ƙare.

Tunda littafinka ya nuna gona ce ke ciyar da kai, na sakar wa ɗan'uwanka na Haɗeja wannan, ka ɗauki Hilux ɗin, amma da sharaɗi. Bayan an gama haɗa mata akwatuna, ka loda komai, ka cika tanki, ku shiga kai da yaranka ku hau gadar sikeli ta ɗaya daga kamfanonin shinkafar da ke kusa da ku, ka gwada abin da ya fito da cikakken nauyin da kamfanin Toyota ya ƙayyade mata. Duk abin da ya haura a sauke shi a bar shi a gareji. Janareto da batura su zauna gaban ƙafar baya, a ɗaure da noti a jikin bodi, domin nauyin da ya koma bayan ƙafar yana sa gaba ya yi sakayau, sitiyari ya daina kama ƙasa. Ka sa tayoyin ɗaukar kaya masu ninki takwas, ba na motar gida ba. Aikin tirela kuma ka karɓi wanda kayanka za su iya, irin su wuta da layin mai da tiyon iskar birki, wanda ya kai ga sauke giya ko ƙafa sai ka ɗauki shata kamar yadda ka saba, ka sa kuɗin shatar a cikin cinikin tun kafin ka baro gareji.