Tun ambaliyar Maiduguri maigidana ya daina zuwa sujada, me zan ce masa?

Maman 'yan biyu, Maiduguri:
Salama 'yan'uwa cikin Almasihu. Shawara nake nema, abin ya fi ƙarfina. Daren da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya same mu a Gwange muna barci. Mun tsira da rai, mu da yara, mun gode wa Allah. Amma shagon hatsin maigida ya tafi. Masara ta jiƙe ta tsiro a cikin buhu, wake ya ruɓe, ga shi rabin kayan bashi ne. Mutumin da shi ke tashin mu addu'ar asuba, yanzu ranar Lahadi sai ya juya fuska bango. Abin da ya ƙara dagula lamarin, wani ɗan'uwa ya zo jaje ya ce masa ya binciki kansa, wai Allah ba ya bugun mutum haka kawai. Tun daga nan magana ɗaya yake maimaita mini: in Allah ke mulkin komai, shi ya aiko ruwan ke nan, in ba shi ba ne, to yana ina? Da na ce "nufin Allah ne" sai ya tashi ya bar ɗakin. Me zan ce masa?

Dattijon ikilisiya, Biu:
Sannu 'yata, Allah ya mayar muku da alheri. Wancan mai jaje bai kyauta ba, kuma Yesu da bakinsa ya riga ya ba shi amsa. Buɗe Luka 13. Hasumiyar Siluwam ta faɗo ta kashe mutum 18, Yesu ya tambaya ko sun fi sauran mutanen Urushalima laifi ne, ya ce a'a. Ya kira kowa ga tuba, har da waɗanda ginin bai taɓa ba. Ruwan nan ya shiga gidan Kirista ya shiga na Musulmi, ya shiga asibiti, ya shiga har gidan namun daji. Laifin me namun suka yi? Abokan Ayuba ma haka suka tsare shi da "ka binciki kanka", a sura 42 kuwa su ne Allah ya yi fushi da su.

Wani ɗan'uwa, Kaduna:
Baba, na yarda, amma kada mu rage wa Allah iko don mu kwantar wa mutum hankali. Amos 3:6 ya tambaya ko masifa za ta auka wa birni ba da hannun Ubangiji ba. Ishaya 45:7 ma haka. Mama, ki karanta masa Romawa 8:28, komai na aiki tare domin alherin masu ƙaunar Allah.

Gwauruwa daga Mubi:
Ɗana, ayar gaskiya ce, amma ba yau ba. A Oktoban 2014 da 'yan Boko Haram suka shigo Mubi, da ƙafa muka bi daji muka shiga Kamaru, zanin jikina kaɗai na fita da shi. Har hedikwatar ikilisiyar EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) da ke Kwarhi sai da aka bari aka koma Jos. A lokacin duk wanda ya karanto mini Romawa 8:28 ji nake kamar in rufe masa baki. Sai bayan shekaru na koma na karanta ta da kaina ta zauna mini. Yusufu ma bai ce wa 'yan'uwansa "kun nufe ni da mugunta, Allah ya nufe shi da alheri" yana cikin rijiya ba, sai can a Farawa 50, bayan Yakubu ya rasu.

'Yar'uwa, mijinki bai bar Allah ba. Wanda ya bar Allah ba ya tambayar inda yake. Gardama yake yi da shi, kuma akwai wurin wannan a Littafi Mai Tsarki. Zabura 88 daga farko har ƙarshe kuka ce, ba ta ƙare da yabo ba, aka kuma bar ta a cikin littafin. Ki daina neman amsar da za ta rufe masa baki. Ki ajiye masa abinci, ki zauna kusa, in ya yi magana ki saurara. Addu'ar asuba ke ki riƙe ta da yara, kada ki tashe shi dole.

Malamin makarantar Lahadi, Jos:
Akwai abin da ba a taɓo ba. Wannan madatsa ta taɓa yin irin haka a 1994, shekara 30 ke nan kafin ta 2024. Ruwan sama na Allah ne, gyaran madatsa da yashe magudana kuwa aikin mutane ne. A Maimaitawar Shari'a 22:8 an ce wanda ya gina gida ya kewaye rufinsa da katanga, don in wani ya faɗo alhakin jini na kan mai gida. Wato mulkin Allah bai wanke mai sakaci ba. Ni "haka Allah ya so" ɗin nan tana damuna, don sau da yawa masu laifi ne suka fi kowa saurin faɗinta.

Wani fasto, Gombe:
Mama, tambayar maigidanki ƙofa biyu kawai ta bari, Littafi Mai Tsarki kuwa bai shiga ko ɗaya ba. Ruwan bai kuɓuce wa Allah ba, ɗan'uwanmu na Kaduna ya yi daidai a nan. Amma Makoki 3:33 ya ce ba da son zuciyarsa yake wahalar da 'yan adam ba, wanda ya rubuta wannan kuwa yana kallon Urushalima a rushe. Dalilin da ya sa shagonku ya tafi na wani ya tsira, ba a gaya mana ba. Ayuba ma har littafin ya ƙare ba a buɗe masa abin da ya faru a sura ta 1 ba. Zancen "yana ina" kuwa, mu Allahnmu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru yana sane sarai zai tashe shi, shi kansa kuma a kan gicciye ya tambayi Uba don me ya yashe shi.

Sai dai ina zargin rabin ciwon nan bashi ne. Magidanci da ake binsa kuɗi yana jin nauyin shiga majami'a, musamman in mai binsa na zaune a layin gaba. Da Agabus ya yi annabcin yunwa a Ayyukan Manzanni 11, ikilisiyar Antakiya gudummawa ta tara ta aika Yahudiya. Dattawanku sun san da bashin?

Maman 'yan biyu:
Na gode ƙwarai. Baba Fasto, kamar kana gidanmu. Ɗaya daga cikin masu binsa ɗan ikilisiyarmu ne, kuma maigida ya hana ni gaya wa kowa. In na kai wa dattawa ba da saninsa ba, ina tsoron abin ya ƙara lalacewa.

Dattijon ikilisiya, Biu:
Kada ki zagaye shi, 'yata. Akwai amininsa ko wansa da yake jin maganarsa? Shi za ki roƙa ya zo hira da yamma, ba da wa'azi ba. Su zauna su lissafa bashin, su je wurin mai binsa tare su nemi a raba biyan wata-wata.